Kwanon da Na Ɗora a Kafaɗa

A filin jirgin da muka yada zango, muna jiran jirgi na biyu, a nan na gane babu Koci Danlami a tafiyar. Tun daga Abuja nake ta waige-waige, ana ce mini yana kujerun baya, ko ya zagaya, ko yana tafe. Sai da muka sauka na bi fuskokin mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, na ga babu mutumin da ya shekara shida yana koya mini ɗaga ƙarfe a wata rumfar kwano a Gwarinpa. A madadinsa ga wani mai tumbi, sanye da rigar tawaga sabuwa fil, an rubuta masa koci a gadon baya.

"Ke ce Talatu mai ƙarfen?" ya ce da ni. "Ni ne kocinki daga yau. Sule sunana, amma Oga Sule ake cewa."

Na dube shi sama da ƙasa. Tafin hannunsa sumul, ko kanta ɗaya babu. Na ce, "Oga, ka taɓa ɗaga ƙarfe kuwa?"

"Ai ba ni zan ɗaga ba, ke za ki ɗaga."

Daga baya na ji labarin. Surukin Honarabul ne, wato babban ɗan siyasar da aka naɗa shugaban tawagarmu. Ya daɗe yana son ganin Turai, sai aka cire sunan Koci Danlami aka sa nasa. Na shiga bayin filin jirgin na yi kukana ya ishe ni, na wanke fuska na fito. Ba zan koma ba, wannan kam na sani. Duk wadda ta zo cikin ukun farko a gasar za a ba ta gurbin shekara biyu a sansanin horon garin da za a yi gasar, da ci da kwana da makaranta. Ni da na fara yin ƙarfi wajen sauke buhunan lemo a kasuwar Zuba, wannan gurbin shi ne ƙofa ɗaya tak da ta taɓa buɗe mini.

Garin da muka sauka a gabashin Turai yake, kuma sati uku kafin gasa aka kai mu don jikinmu ya saba. Jikina dai bai saba ba. Sanyi ya ci mini ƙashi, leɓena ya tsattsage, abinci kuma salam, kullum dankali da nama fari fat, ko ƙamshin barkono babu. Oga Sule kwana biyu ya yi yana zuwa ɗakin horo. Ya zauna a benci ya yi ta ce mini, "Yauwa, ƙara ƙoƙari," ko da kuwa ɗaure takalmi nake yi. Rana ta uku ya gano inda kantuna suke, shi ke nan na huta da shi.

Sai na koma jingina wayata da bango, Koci Danlami yana kallona daga Gwarinpa. Hoton ya tsaya, ya dawo, ya sake tsayawa, shi kuma yana ta faɗa. "Gwiwar hannunki, Talatu. Sau nawa zan gaya miki? Ɗaga ta sama." Bai taɓa yi mini zancen abin da aka yi masa ba, ni ma ban tayar ba.

Akwai wata tsohuwa mai share ɗakin horon. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu, sai na sa mata Kaka, ita kuma ta riƙa amsawa. Wata safiya ta same ni ina murza yatsun ƙafata da suka sandare. Ta tsaya ta dube ni, ta girgiza kai, ta yi ta mita da yarenta. Washegari ta zo mini da safa ta ulu, kore shar, saƙar hannu, da kwalbar barkono jiƙaƙƙe a ruwan tsami. Na buɗe kwalbar nan na ɗanɗana, hawaye suka zubo mini, ta ɗauka yajin ne ya yi yawa, ta yi ta dariya tana buga mini baya. Ban iya gaya mata gida na tuna ba.

Ana saura kwana tara gasa, ƙanwata Kande ta turo mini bidiyo.

Ƙauyenmu yana bayan Tungan Maje, inda titi ya ƙare. A bidiyon na ga an bi gidajenmu da jan fenti, an yi wa kowane bango alama. Na ga katafila biyu a gonakin doya suna baje kunya, doyar da ba ta gama nuna ba tana birgima a ƙasa. An kafa allon kamfanin da zai gina rukunin gidaje. Sunan ƙanin Honarabul ne a allon, amma ko akuyar garinmu ta san na waye.

Sai ga matan ƙauye sun fito a jere. Mu Gbagyi, matanmu ba sa ɗaukar kaya a ka. Kai shi ke ɗauke da tunanin mutum, ba a ƙara masa wani nauyi. A kafaɗa ake ɗorawa, a karkata wuya gefe, a tallafe da hannu. Itace, doya, ruwa, duk haka ake kawo su gida. To ran nan kowace mace ta ɗauko ƙwaryarta ta ɗora a kafaɗa, babu komai a ciki. Ba su yi waƙa ba, ba su yi zagi ba. Suka je gaban katafila suka tsaya, don a ga abin da za su kai gida bana. Mamata ce a gaba, da zanenta na zuwa coci.

Na kira ta nan take. Da yarenmu ta amsa mini, muryarta ƙalau kamar ba abin da ya faru.

"Wa ya ce a nuna miki? Kanden nan sai na ci mata mutunci."

"Mama, har kushewar Baba an yi wa alama?"

Ta ce, "Ki yi abin da ya kai ki. Nan namu ne, can naki ne."

Ranar ban iya ɗaga ko rabin abin da na saba ba.

Kwana uku kafin buɗe gasa aka tara mu duka a wani zaure, 'yan wasa da kociyoyi. Wata mata mai farin gashi, siririya, ita ce shugabar kwamitin ladabtarwa, ta karanta mana doka. Babu saƙon siyasa a zauren gasa ko a kan dandamalin karɓar lamba, ko da baki, ko da rubutu a riga, ko da alama ta jiki. Wanda ya karya, a karɓe lambarsa, a kore shi. Ta ce an yi dokar ne don ƙasashen da ke gaba da juna su iya haɗuwa a ɗaki ɗaya ba a yi dambe ba. Gaskiya ban ga laifin wannan ba, don na ga wasu 'yan mata biyu daga ƙasashe maƙwabta da ko teburin cin abinci ba sa haɗawa.

Na ɗaga hannu na tambaye ta da Turancina na Zuba, "Har shugabanni dokar ta hau?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Har shugabanni."

"To in mutum yana da magana fa?"

"Ga 'yan jarida a waje. A can bakinki naki ne."

Na sa hannu a takardar, da idona biyu, ba wanda ya tilasta ni. Kuma na gwada hanyar da ta nuna mini. Na fita wajen 'yan jaridar, amma wa ya san ni? Ɗaya ya tsaya ya saurare ni na ɗan lokaci yana duba agogo, sai ga Oga Sule ya faɗo daga inda ban sani ba, ya kama ni a hannu. Wai a tawagarmu shugaba kaɗai ke magana da jarida. Mutumin da ban gani a ɗakin horo ba sati biyu, ran nan ya iya aikinsa.

Honarabul ya iso ranar buɗe gasa da babbar riga da mutane shida a bayansa. An ba kowane shugaban tawaga minti biyu ya yi gaisuwa. Na wasu ƙasashe suka yi godiya suka zauna. Namu ya karɓi makirfo ya gyara tsayuwa. Ya fara da jam'iyyarsa, ya zagi 'yan adawa, ya ce zaɓe mai zuwa an riga an gama. Daga nan ya shiga ayyukansa. Ya ce yanzu haka yana gina sabon gari kusa da Zuba, har da filin wasa, a wani dajin da babu kowa sai macizai.

Dajin da babu kowa. Ina zaune a layi na uku, da safar Kaka a ƙafata, na ji kunnena ya yi ɗum.

Matar nan mai farin gashi ta ɗaga yatsa, aka kashe makirfon. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma shi ko a jikinsa. Ya bubbuga makirfon, ya yi dariya, ya ƙarasa zancensa da baki, mutanensa shida suka tafa masa. Da yamma aka kai masa takardar gargaɗi a otal. Oga Sule ya ce a aljihu ya sa ta, bai ko buɗe ba.

Ranar gasata Oga Sule ya zo da wuri, don an ce za a nuna a talabijin. Aikin koci ne ya rubuta nauyin da 'yar wasa za ta fara da shi a kati. Ya riƙe biro yana kallon katin, yana kallona. Na fizge na rubuta da kaina. Ni ce mai ɗumama jiki, ni ce mai leƙa allo in ga nawa sauran suka ɗaga, ni ce mai lissafin abin da zan ƙara. Shi kuma yana riƙe mini da tawul, har ya fara goge wuyansa da shi.

A ɗagawar farko, wadda ake fizgar ƙarfen tashi ɗaya, na zo ta biyar. A ta biyu, wadda ake fara aza shi a ƙirji kafin a tura sama, na faɗi gwaji ɗaya, na ci ɗaya. Saura na ƙarshe. Na duba allo na ga in ina son na uku sai na ƙara kilo huɗu kan abin da na taɓa ɗagawa a rayuwata. Na rubuta. Na shafa alli, na ɗaure ɗamara, na hau. Ban tuna komai ba sai gwiwar hannu. Ƙarfen ya hau ƙirjina, idona ya yi duhu, na tura. Ƙafafuna suna kakkarwa, na riƙe, na riƙe, har aka busa. Fitilun alƙalai uku duk suka kawo fari.

Na ci gurbin. Shekara biyu, da makaranta. Na durƙusa a kan katakon nan ina haki, ina cewa alhamdu lillahi irin ta Babana, ina cewa na gode Yesu irin ta Mamata, duk a haɗe.

Ban shirya abin da ya biyo baya ba, kuma ba na faɗin haka don a yi mini sassauci. A kan dandamali aka rataya mana lambobi, tawa ta tagulla. Sannan aka miƙa wa kowacce kyautar garin, kwanon katako sassaƙar hannu, cike da furanni. Na riƙe shi, na ji faɗinsa a tafin hannuna daidai da ƙwaryar Mama. Na ɗaga ido, ga Honarabul a kujerar gaba yana ɗaga wa kyamara babban yatsa. Na sunkuya na juye furannin a gaban ƙafata a hankali. Na ɗora kwanon a kafaɗa, na karkata wuya, na tallafe da hannu. Haka na tsaya har aka gama taken ƙasar wadda ta zo ta ɗaya.

Babu wanda ya gane a zauren. Turawa suka yi ta tafi, suna ɗauka wata gaisuwa ce ta Afirka. Abin dariya, Honarabul ya fi kowa tafi. Mutumin da ya shekara ashirin a Abuja, yana wuce matanmu a titi da kaya a kafaɗa, bai taɓa tsayawa ya duba cikin ƙwaryarsu ba. Ya hau dandamalin da kansa ya tsaya gefena a ɗauke mu hoto, yana cewa, "Al'adunmu ke nan. Kar ki sauke, 'yata, riƙe haka."

Kafin gari ya waye, mutanen gida sun haɗa hoton nan da na matan ƙauyenmu a gaban katafila, gefe da gefe, yana ta yawo a waya. Da hantsi aka aiko kwamiti na nemana.

Oga Sule ya tare ni a matakala, gumi yana keto masa duk sanyin nan. "Talatu, ki rufa mana asiri. Magana ɗaya ce. Ki ce al'ada ce, shi ke nan. Ai ba ƙarya kika yi ba, al'adar ce."

"Al'adar ce, Oga."

"Yauwa. Honarabul ma ya ce ya yafe miki. Hoton nan a fastarsa ta yaƙin neman zaɓe zai sa, a nuna ku Gbagyi kuna tare da shi. Su ma matan can, ya gaya wa 'yan jarida bikin al'ada suke yi, 'yan adawa ne suka juya zancen. Kin ga in kin faɗi haka, bakinku ya zo ɗaya."

Da bai faɗi wannan ba, wallahi ban san abin da zan ce a ɗakin nan ba. Ina son gurbin nan kamar raina.

Mutum uku ne a teburin, matar mai farin gashi a tsakiya. Ga hotuna biyun a gabanta. Ta yi magana a hankali don in fahimta.

"Na ga yadda kika ɗaga jiya, ba koci. Na daɗe ban ga irin haka ba. Dokarmu ba ta hana al'ada ba. In kika ce mini wannan gaisuwar mutanenku ce, zan rubuta haka in rufe takardar, ki fara horo ranar Litinin."

Ƙofar tsira ta buɗe mini, har ta riƙe mini ita. Na gane, kuma har yau ina ganin girmanta.

Na ce, "Ɗaukar kaya a kafaɗa al'adarmu ce. Amma ba a ɗaukar kwano babu komai. Ni na zubar da furannin da hannuna. Wannan ta gaban a hoton uwata ce, gonarta ce aka baje. Abin da take faɗa, shi na faɗa."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Kin san abin da kika sa wa hannu?"

"Na sani. Tambaya ɗaya gare ni. Shugabanmu ya yi siyasa a zauren nan da baki, kowa ya ji. Me aka yi masa?"

"An kashe masa makirfo, an ba shi gargaɗi."

"Ni kuma?"

Ta mayar da tabaraunta ta ce, "Shi ba shi da lambar da zan karɓa."

Na ciro lambar daga aljihun rigar sanyi na ajiye mata a tebur. Suka rubuta: an soke sakamakona, an ba wadda ta zo ta huɗu gurbin, an dakatar da ni shekara ɗaya. Na nemi a rubuta sunan ƙauyenmu a cikin dalilin hukuncin, ta ce in faɗa mata harafi-harafi, ta rubuta. Kwanon ba su tambaya ba, amma na bar wa Kaka shi. Ta rungume ni tana ta faɗa da yarenta, ina jin zagina take yi.

Jirgin dawowa ni kaɗai aka sa, kwana biyu kafin sauran. Ba wanda ya raka ni. A hanya na yi nadama sau ba adadi, ba zan yi ƙarya ba. In na tuna ɗakin karatun sansanin da na leƙa ta taga, sai in ji kamar in fasa ihu. In na tuna zancen fasta kuma sai zuciyata ta tsaya wuri ɗaya.

Koci Danlami ne ya zo ɗaukata da tsohuwar motarsa.  Sai wajen Zuba, cikin cunkoson motocin lemo da kankana, ya ce, "Shekara shida, Talatu."

"Na sani, Koci."

"Ba ki sani ba." Ya yi tsaki, ya danna wa wani mai baro oda. Can ya ce, "Dakatarwa aka yi miki, ba a yanke miki hannu ba. Ki huta sati ɗaya ki dawo. Gwiwar hannun nan har a talabijin sai da ta ba ni kunya."

Ƙauyenmu rabi ya tafi. Gonakin gabas duk sun zama fili, an fara jibge bulo. Gidaje na nan da jan fentinsu, an ce an dakata da rusau sai an zauna da mutanen gari, tunda maganar ta fita waje. Ba wanda ya san ko kwana nawa dakatawar za ta yi.

Na sami Mama a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta tashi ba, ta dai dube ni tun daga kai har ƙafa.

"Kin rame. Ina abin da aka rataya miki a wuya? Mu gani."

"Sun karɓe, Mama."

"Makarantar fa?"

"Ita ma."

Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta kau da kai wajen katanga ta daɗe a haka. Ni ce na ce mata zan yi karatu a can in dawo in gina mata ɗaki na bulo.

"Na ce ki yi abin da ya kai ki," ta ce. "Ba ki taɓa jin magana ba, tun kina goye."

Na matsa na fara taya ta ɓare gyaɗar.

"Da suka karɓe, sun ce ki janye abin da kika faɗa?"

"Sun ce. Ban janye ba."

Ta share ido da bakin zane, ta turo mini kujera da ƙafa.

"To zauna ki ci abinci. Jibi za a zauna da mutanen kamfanin a cikin gari, sun ce da Turanci za a yi, don sun san ba ma ji. Ke za ki yi mana magana."